Dutsen da Kir Stamatis Ya Hau da Shi Sunio

Shekara ashirin da shida Kir Stamatis, wato Malam Stamatis da bakinmu na Girka, ya yi yana jan bas daga Atina zuwa Sunio, a tashi ƙarfe uku na rana, a juyo bayan rana ta faɗi, amma ƙafarsa ba ta taɓa hawa tudun da tsohon haikalin yake ba. Ni ce shaida. Ni nake zama a kujerar gefensa da makirufo a hannu, ina yi wa baƙi bayani har muryata ta dishe. Da mun isa zai buɗe ƙofa, ya ce wa mutane su gaida masa kakanninsa, sannan ya gangara rumfar gahawa inda direbobi ke buga tabli, wani wasa mai kama da dara. Ni kuma in ɗaga laima in kora garkena sama mu je mu ga ginshiƙai. Sau ɗaya tak ya taɓa ganin haikalin nan kurkusa, yana aji huɗu a firamare, ranar da malaminsu ya kai su suka baje a kan duwatsun suka ci dafaffen ƙwai. To da wannan zuwa guda mutumin nan ya zama shehin malami a kan tarihin Girka, kuma ba wanda ya isa ya yi masa gyara.

Gajere ne, ga tumbi, ga gashin baki da yake shafa wa mai. A wurinsa duk wani abu mai amfani a duniya kakanninmu ne suka ƙirƙiro shi, mulki ne, magani ne, lissafi ne, har da taya, wai don ya taɓa ganin hoton keken doki a jikin wata tukunya. Littafi kuwa, in ka cire takardar hasashen ƙwallo, ban taɓa ganin ya buɗe ba. Mai kukan an wulaƙanta ƙasar kakanni shi ne mai wurga guntun sigari ta taga, shi ne mai hawa da bas kan hanyar masu tafiya a ƙafa, kuma in ɗan sanda ya yi magana sai ya tuna masa cewa a garin nan aka haifi 'yanci.

Kullum idan muka wuce Lagonisi, inda hanya ke ɗan miƙewa, sai ya fizge makirufo daga hannuna. Turancinsa bai fi kalma talatin ba, rabi na zagi rabi na kuka. Zai gaya wa baƙi cewa lokacin da kakanninsa ke sassaƙa farin dutse, nasu suna kan bishiya suna ɓare 'ya'yan itace. Zai ce ɓarayi sun zo da jiragen ruwa sun kwashe mana duwatsu sun kai garuruwansu masu hazo, su dawo mana da kayanmu. Mutanen Ingila su sunkuyar da kai suna kallon takalmansu, Amurkawa su tafa don sun ɗauka yana cikin tsarin tafiyar. Sau biyu kamfani yana ja masa kunne. Ni kam na gaji da faɗa, in ya fara sai in samu damar shan ruwa.

Za ku ce me ya hana ni neman a canza mini direba. Yo ina zan kai shi? Ni na riƙe 'yarsa a coci ranar da aka yi mata baftisma, ya zama kumbare a gare ni, na zama kumbara a gare shi, kuma wannan zumunci ba a rabuwa da shi yadda ake rabuwa da miji. Ni da mijina mun rabu tuntuni na huta, Stamatis kuwa yana nan daram.

Yarinyar, Aspasiya, ita kaɗai Allah ya ba shi. Tun tana cinya yake ɗura mata wannan surutun nasa, kuma bai taɓa kawowa a ransa za ta yarda ba. Shi faɗa kawai yake yi don bakinsa ya sha iska, ita kuwa ta je ta karanta littattafan da gaske, ta zama malamar tarihi a sakandare, irin wadda za ta tsayar da mota a tsakiyar titi don ta tsawata wa wanda ya jingina babur da tsohon bango. Idan ta ce a gaban mutane babanta ne ya koya mata, sai ka ga tumbinsa ya ƙara fitowa.

Shekara biyu da suka wuce mai gidan da take haya a Atina ya tashe ta, don ya gano baƙi masu kwana uku sun fi 'yan gari riba. Ita da mijinta Takis suka kwaso kaya suka dawo falon Stamatis a Keratea, suna kwana a kujera mai buɗewa, ga ta da cikin wata biyar. A wurinmu kuwa uban da bai ɗora wa 'yarsa rufi ba bai gama zama uba ba. Gwamnati ta soke dokar gara tun ina budurwa, amma har yau matan unguwa ba su samu labari ba. Stamatis yana da fili a bayan gari, gadon uwarsa. Dama ya riga ya yi shekara uku yana zarya ofis ofis kafin takardar izinin gini ta fito, kuma ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya ga abin da za a haifa yana rarrafe a gidan Aspasiya na kanta.

Sai dai ƙasar yankinmu ba ta da amana. Ramin dasa zaitun ma in ka haƙa kana iya cin karo da kakanka. Doka kuma ta ce duk abin da ya fito na gwamnati ne, ka tsayar da aiki ka kira masu kula da kayan tarihi. Wani dattijo, Barba Mitsos, mai filin da ke jikin na Stamatis, shi ya bi doka. Fasasshiyar tukunya ya gani, ya sa hularsa ya je ya kai rahoto. Aka zo aka kewaye filin da waya aka ce ya ɗan jira. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ɓaure ya tsiro a cikin ramin har yana 'ya'ya, Barba Mitsos ya mutu a gidan haya, yaransa suna Jamus. Tun daga nan kowa ya ɗauki darasi: ranar Lahadi da safe ake haƙa, lokacin da masu sa ido suke coci, Litinin da sassafe motar kankare ta zo.

Haka Stamatis ya yi. Katafila ta yi awa biyu tana aiki lafiya, sai haƙorinta ya karci wani abu. Layin duwatsu ne a jere, da fasassun tukwane, da wani guntun farin dutse da ya ɓalle ya gangaro. Mai katafila ya kashe inji, ya kunna sigari, ya ɗaga kai sama, ya ce shi fa tun Juma'a idonsa ke ciwo, ba ya ganin duk abin da ke ƙasa da gwiwarsa. Aka mayar da ƙasa aka daddaɓe, washegari kankare ya rufe komai. Da a nan zancen ya tsaya, da yanzu Stamatis yana cin fanshonsa cikin mutunci kamar sauran maƙwabtansa da suka yi irin wannan Lahadin. Amma kafin a mayar da ƙasar ya sunkuya ya ɗauki guntun dutsen nan ya tura cikin riga.

Sati uku dutsen yana yawo a gidansa, yau ƙarƙashin gado, gobe bayan injin wanki, jibi cikin firiza a ƙarƙashin kifi. Matarsa Fotini ta daina cin abinci, don ajiye irin wannan a gida ɗauri ne. Ga kuma Aspasiya tana kai da komo a falo, wadda in ta gani ko takalmi ba za ta tsaya sawa ba za ta je ta kai rahoto, ko da gidanta ne za a fasa. Daga ƙarshe Fotini ta ce ko dutsen ya fita ko ita ta fita.

Wata Alhamis, kafin baƙi su fara shiga, ya yafito ni bayan mota, ya buɗe wurin kaya, ya zaro jakar abincinsa. A ƙarƙashin gurasar alayyahu, naɗe cikin tawul, ga abin. Bai fi girman burodi ba. Hannun ƙaramar yarinya ne, ta rungume tsuntsu a ƙirjinta, har farcen babban yatsa ana gani. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta irin waɗannan kafin yunwa ta koro ni cikin bas, don haka kallo ɗaya na san dutsen kabari ne, kuma ya haura shekara dubu biyu. Na ce masa ya kai wa hukuma yau ɗin nan.

"In kai, su ce daga ina, in ce daga ƙarƙashin falon 'yarki? Ke fa kika riƙe ta a coci, kumbara. A ramin ɓaure kike so ta haihu?"

Can na ce, kuma har yau ina jin kunyar bakina, to ya tsaya a hanya ya jefa shi a teku kowa ya huta.

Ya dube ni kamar na ce ya mari uwarsa. Shi, Stamatis, ya jefa 'yar kakanninsa a ruwa kamar mushen kyanwa? Ai ya riga ya gama tunani, kwana uku ya yi yana yinsa. Ina ake ɓoye dutse in ba cikin duwatsu ba? Can sama a haikali guntaye ne birjik a zube, ba wanda ya san adadinsu. Zai hau, ya ajiye, ya sauko. Wata rana masana su tsinta su sa mata lamba, gwamnati ta samu kayanta, Aspasiya ta samu gidanta. Yana faɗa yana murza gashin baki, yana jiran in yaba.

Na gaya masa wurin ba yadda ya bar shi yake ba. Yanzu akwai igiya, akwai masu gadi da usur a baki, kuma ba a cin ƙwai.

"Shekara ashirin da shida ina zuwa wurin nan, ke za ki gaya mini?"

"Wurin ajiye motoci kake zuwa, kumbare."

Ya buga ƙofar wurin kaya ya ce baƙi sun iso.

Mutum arba'in da takwas muka ɗauka ranar. Ni ban san abin da na gaya musu a hanya ba, ina jin na ba wani tsibiri sunan wani, ba wanda ya kula. Idona yana kan jakar da ke ƙarƙashin kujerarsa. Na yi zaton yau dai zai yi mini rangwamen huɗuba, tun da mai irin wannan kaya a gindinsa ya kamata ya kama bakinsa. Ina! Muna wuce Lagonisi ya fizge makirufo, ya yi huɗubar da bai taɓa yin irinta ba. Ya kira ɓarayin duwatsu da duk sunan da ya sani, ya ce wanda ya taɓa dutsen kakanni da hannun sata Allah ya shanyar da hannun, har da hawaye. Wata budurwa a kujera ta biyu ta ɗauke shi da waya daga farko har ƙarshe, ya gan ta, ya gyara zama don ya fito da kyau.

Da muka isa ya rataya jaka ya bi bayanmu maimakon ya gangara rumfa, direbobi suka bar tabli suka miƙe tsaye. Wani ya ce likita ne ya tsoratar da shi, wani ya ce a'a, wata ya gani a cikin fasinja. Matar da ke ƙofa, wadda kullum suke ɗaga wa juna hannu daga nesa, ta leƙo ta taga ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce mutum ba shi da ikon gaida kakanninsa? A taƙaice dai, kafin ya yi taku ashirin duk Sunio ta san yau Stamatis ya hau tudu da jaka.

Hawan bai kai minti biyar ba, amma sau uku yana tsayawa yana haki. Da ya iso sama ya ga igiya ta zagaye haikalin, sai ya tsaya sororo, ya matso ya raɗa mini wai wa ya ɗaure kakanninmu kamar awaki. Na ce ya koma ƙasa tun da sauran mutunci. Bai ji ba, ya tsaya yana waige-waige, yana zufa, yana rungume da jaka kamar mai ciwon ciki.

Wurin nan yana da minti biyar a kowace rana da kowa ke zama makaho. Idan rana ta taɓa ruwa, duk wanda ke kan tudun sai ya juya yamma ya ɗaga waya, har mai gadi yakan saci kallo. Lokacin ya yi. Ni kuma, tun da yau na ce zan faɗi gaskiya, na ɗaga laimata na nuna teku, na ɗaga murya na shiga ba da labarin da ban taɓa bayarwa da irin wannan zafin ba, don in riƙe masa idon mutane. Ta gefen ido na ga ya durƙusa a bakin hanya, inda wasu guntayen duwatsu suke kwance a gindin wani ƙaramin daji, a wajen igiya. Ya warware tawul, ya ajiye, ya miƙe. Ya yi taku goma. Har ya kashe mini ido ɗaya. Wallahi abin ya yiwu, wannan shirmen ya yiwu, saura kawai ya gangara ya sha gahawarsa.

Sai ga wani ƙaton mutum daga cikin baƙinmu, mai gajeren wando da jajayen ƙafafu, tsakuwa ta shiga takalminsa. Ya ɗingiso baya yana neman inda zai ɗora ƙafa. Duk duwatsun da ke Girka bai ga na ɗorawa ba sai wannan. Ya ɗora tafin ƙafarsa a kan hannun yarinyar, ya cire takalmin, ya shiga buga shi a jikin tsuntsun don ƙasa ta zube.

Na ga Stamatis ya tsaya. Na ce a raina, tafi, don Allah tafi, shekara dubu biyu tana ƙarƙashin ƙasa, takalmi ɗaya ba zai kashe ta ba. Ya juyo. Ya tako da saurin da ban san yana da shi ba, ya hankaɗe ƙaton nan har ya zauna daɓas, ya sunkuya ya ɗauki dutsen da hannu biyu ya manna a ƙirji, yana goge shi da gefen rigarsa.

Sotiris mai gadi ya yi shekara ashirin yana busa usur a kan masu taɓa ginshiƙi da ɗan yatsa, bai taɓa kama ɓarawon gaske ba. Ranar ya busa na shekara ashirin a haɗe. Mutane suka bar rana ta faɗi ita kaɗai, suka juyo da wayoyinsu. Ga direban da ya tsine wa ɓarayin duwatsu awa ɗaya da ta wuce, ga farin dutse a ƙirjinsa, ga jaka a buɗe da tawul yana reto. Wata tsohuwa 'yar Ingila ta ce wani abu a hankali, na kusa da ita suka yi dariya. Stamatis ya tambaye ni me ta ce, na ƙi fassarawa.

Aka shigar da mu ɗakin masu gadi, shi a matsayin ɓarawo, ni a matsayin mai kula da tawaga. Aka yi rashin sa'a, ko sa'a, wata masaniyar kayan tarihi tana wurin ranar, Dakta Lemoniya, siririya mai tabarau, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba. Ta karɓi dutsen, ta juya shi, ta karce bayansa da farce. Jar ƙasa ta fito, da ɗan ɗigon siminti da bai daɗe da bushewa ba. Ta ce Sotiris ya ɗan ba mu wuri.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wannan dutse ba na nan ba ne, ba irin dutsen haikalin ba ne, ƙasar da ke jikinsa ma ba ta tudun nan ba ce. Ta ce ta san ba ɗauka ya zo yi ba, kawowa ya yi. In ya faɗi inda ya samo, za ta rubuta cewa mutum ne ya tsinci abu ya kawo a makare, ya koma gida yau, wataƙila har takardar godiya ya samu. In kuwa ya ƙi, ba ta da yadda za ta yi, mutum arba'in da takwas sun ɗauke shi hoto da dutse a hannu, sai ta kira 'yan sanda.

"Kir Stamatis, inda hannun nan ya fito, sauran yarinyar tana nan. Fuskarta tana nan, sunanta ma a rubuce yake a sama. Ba ka so a san sunanta?"

Yana so mana, wa ya fi shi so? Ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya tambaye ta, in mutum ya faɗa, wata nawa suke yi kafin su bar masa filinsa. Da ta yi masa ƙarya ta ce wata uku da ya faɗa, na tabbata. Amma yarinyar nan mai gaskiya ce. Ta ce ba ta sani ba, ba su da ma'aikata, ita kanta aikinta na wata takwas ne.

Ya gyara zama ya ce, "A nan na ɗauka. Sata na yi."

Ta ce ya yi me da shi? Ya ce ya ɗora a kan talabijin. Sau uku tana tambayarsa, sau uku yana maimaitawa, kamar ɗalibin da ya haddace layi ɗaya. Sai ta juyo kaina, ta ambaci sunana da Kira a gaba, yadda muke girmama mace.

"Kira Argiro, ke kin yi karatun nan, kin san abin da ke gabanki. Da ya hau, jakar nan da nauyi ko babu?"

Na ce ni baƙina nake ƙirgawa, ba na duba jakar direba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗauki waya. Na sha zagi a rayuwata daga baƙi da masu kamfani da tsohon mijina, amma ba abin da ya taɓa ci mini rai kamar wannan kallon. Wani direba ne ya mayar da mu Atina. A hanya wani Ba'amurke ya tambaye ni ko kullum ake yin wannan wasan ko sai ranar Alhamis.

Kafin Asabar Stamatis ya shiga talabijin. Budurwar nan ta kujera ta biyu ta haɗa huɗubar da kamun a bidiyo guda, yana tsine wa hannun ɓarawo, sai ga hannun nasa. Duk ƙasar ta yi sati tana dariya, har da waɗanda na san abin da ke ƙarƙashin garejinsu. Kamfani ya sallame shi saura wata goma sha ɗaya ya yi ritaya. Kotu ta ba shi ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. Dakta Lemoniya ba ta haƙura ba, ta sa aka je aka duba filin, aka tarar bulo ya kai taga, magina kuma duk sun kamu da ciwon idon mai katafila. Barba Mitsos ne kaɗai zai iya magana, shi kuma yana maƙabarta.

Aspasiya a aji ta gani, ɗalibanta ne suka kunna mata suna ƙyaƙyata dariya. Ta dawo gida ta tsaya a kan uban ta tambaye shi. Ya ce hannunsa ne ya yi ƙaiƙayi. Daga baya ya sa ni da Fotini muka rantse a gaban hoton waliyyi ba za mu taɓa gaya mata ba, don duk mun san ta: ranar da ta ji, washegari za ta goya jaririya ta je da kanta ta ce a zo a fasa falon. In hakan ta faru, ya yi asarar aikin da sunan a banza ke nan, ga kuma ramin ɓaure na biyu.

Ta haifi mace. A watan Mayu aka gama gidan, fadan coci ya zo ya yayyafa ruwa a kowace kusurwa, aka gasa rago a tsakar gida. Wani kawun Takis, da giya ta fara gaya masa gaskiya, ya ɗaga murya ya ce a ƙirga cokula kafin surukinmu ya tashi. Mutane suka fashe da dariya. Stamatis ma ya yi dariyar tare da su, har ya ɗaga hannuwa sama ya juya aljihunsa. Mutumin da a da ba a gama yi masa magana bai mayar da goma ba. Na ji kamar in kifa wa kawun nan farantin zaitun a ka, sai na tashi na shiga kicin.

A nan na tarar da Aspasiya tana yanka burodi da ƙarfin da burodi bai buƙata ba. Ba ta ɗago ba, ta kira ni yadda ake kiran matar da ta riƙe yaro a coci, ta ce, "Nona, gidan nan na gode masa, Allah ya sani. Amma duk abin da ya koya mini tun ina ƙarama, ashe shi bai yarda da ko ɗaya ba. Ke kina wurin. Me ya sa ya yi?"

Maganar ta zo mini har baki. Ta taga ina hango shi zaune a kujerar roba da jikarsa a cinya, ya juyo yana kallon kicin ɗin, don ya san ni ya san bakina. Na ce mata tsufa ne kawai, ta miƙo mini tire.

Yanzu kusan kullum da yamma yana zuwa gidan, tun da ba shi da wurin zuwa. Aspasiya ba ta hana shi ba, takan ba shi gahawa, ta amsa gaisuwarsa, amma ta daina cewa a gaban mutane babanta ne ya koya mata komai. Shi kuma ya daina huɗuba, ko an tsokane shi. In zai shiga falon sai ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya bi ta jikin bango ya zagaya, ba ya taka ɓangaren hagu kusa da taga. Ran nan ina wurin ta gan shi yana wannan raɓe-raɓen da kofi a hannu, haushi ya kama ta.

"Baba, ka taka mana. Tayil ne fa, ba zai fashe ba."

Ya ce to, 'yata. Ya ci gaba da bin bango har ya kai kujerarsa ya zauna.